Zawon maruƙa a gonakin madara na Filato: ƙwayoyin da allura ba ta kaiwa gare su

Duk mai kiwon shanun madara tsakanin Bukuru, Vom da Barkin Ladi ya san yadda abin yake tafiya. Saniya ta haihu lafiya, maraƙi ya miƙe ya kama nono, kwana biyar ko shida yana ta tsalle-tsalle. Ana shiga mako na biyu sai a wayi gari a ga wutsiyarsa da cinyoyinsa sun ɓaci da wani kashi ruwa-ruwa, rawaya, mai ƙarni. Kafin la'asar ya rage shan nono. Washegari ido ya faɗa, kunnuwa sun yi sanyi sun langaɓe. Sai a tura yaro shagon maganin dabbobi: "Malam, Alhaji ya ce a ba ni maganin zawon maraƙi." A haɗo masa allurar LA, wato allurar kashe bakteriya mai daɗewa a jiki, da maganin tsutsa, wani lokaci har da Flagyl na mutane. A yi allura, a ɗura magani, zawo bai tsaya ba. Wanda ya mutu a ce kwanansa ne ya ƙare, wanda ya tashi a ce allura ta yi aiki.

A yawancin irin wannan hali allurar ba ta taɓa abin da ke cin maraƙin ba. Akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke zama a hanjin ƙananan maruƙa, waɗanda ba tsutsa ba ne, ba bakteriya ba ne, ba kuma bairas ba. Likitoci na kiransu furotozuwa, rukuni ɗaya da abin da ke kawo wa mutum zazzaɓin cizon sauro, da wanda ke kawo wa shanu sammore. Uku ne daga cikinsu suka fi addabar maruƙa: Cryptosporidium, wanda za mu kira kirifto, da koksidiya, wadda masu kiwon kaji suka sani da koksi, sai jiyadiya.

Tambayar farko da likitan dabbobi na ƙwarai zai yi ita ce: kwanansa nawa? Amsar na rage masa rabin aiki. Zawon da ya kama maraƙi cikin kwana huɗun farko galibi bakteriya ce, irin wadda ake kira E. coli. Daga kwana biyar zuwa mako uku lokacin kirifto ne, kuma sau da yawa tare yake zuwa da bairas na rota ko na korona irin na shanu. Koksidiya da wuya ta bayyana kafin mako uku, domin tana bukatar fiye da mako biyu a cikin jiki kafin ɓarnarta ta fito fili. Jiyadiya ma ta fi kama waɗanda suka ɗan tasa. Saboda haka gonar da ba a rubuta ranar haihuwar maraƙi ta riga ta jefar da hujja mafi araha da take da ita. Littafin makaranta ɗaya da biro sun isa.

Kirifto ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, don shi ne ya fi wuyar sha'ani. Wani masani Ba'amurke, Ernest Tyzzer, ya fara bayyana shi a cikin ɓera a 1907, amma sai a 1971 aka ba da rahotonsa a maraƙi mai zawo, a mutum kuwa sai 1976. Yana fita a cikin kashi a matsayin ƙwai mai kwasfa mai tauri, ƙarami ƙwarai: sai an jera kusan 200 kafin su cika milimita ɗaya. Maraƙi ɗaya mai ciwo na iya zubar da biliyoyinsu cikin mako ɗaya zuwa biyu, alhali waɗanda ba su kai 100 ba sun isa su kwantar da wani. Kuma ƙwan kirifto ba ya jiran komai. Yana faɗowa ƙasa a shirye yake ya kama na kusa, ta bokitin madara, ta kan nonon uwa da ya taɓa ƙasa, ta yatsun mai koya wa maraƙi sha, ta takalmin roba da ya fito daga wannan ɗaki ya shiga wancan.

Idan ya shiga, ƙaramin hanji yake nufa. Cikin hanji kamar tawul yake, cike da 'yan siraran tsiro masu tsotse abinci da ruwa. Kirifto na maƙalewa a kansu, ya lulluɓe kansa da fatar ƙwayar hanjin, ya hayayyafa, tsiron su gajarce su manne da juna, tawul ya koɗe ya daina shan ruwa. Madarar da maraƙi ya sha sai ta wuce ba a narkar da ita ba, ta ruɓe a babban hanji, ta ƙara jawo ruwa daga jiki. Wani kaso na ƙwayayen da ake yi a ciki ma kwasfarsu ba ta da kauri, a cikin hanjin suke fashewa su sake kama shi. Shi ya sa zawon kan ɗauki mako guda ko fiye, ko da an ɗauke maraƙin an kai shi wuri mai tsabta.

Wurin da ya ɓuya ɗin nan, ba a cikin jini ba, ba kuma a fili cikin hanji ba, yana daga cikin dalilan da suka sa magunguna ke shan wuyar kai masa. LA ba ta kashe shi. Aibamektin, maganin tsutsa, ba ya taɓa shi. Flagyl ma haka, kuma Turai da Amurka sun haramta amfani da shi ga dabbobin da ake ci. Maganin da aka yi wa rajista dominsa a ƙasashe da dama shi ne halofujinon, wanda ake sayarwa da sunan Halocur, ana ba da shi ta baki kwana bakwai a jere. Ba ya warkarwa gaba ɗaya, yana dai rage tsananin zawon da yawan ƙwan da ake zubarwa. Yana da haɗari kuma: ninki biyu na ƙa'idarsa guba ne, ba a ba maraƙin da ruwan jikinsa ya ƙare, ba a ba shi da yunwa. Gonar da ba ta da sikelin auna maraƙi gara ta bar shi a hannun likita. A 2023 Turai ta amince da wata riga-kafi da ake yi wa saniya mai ciki domin kariyar ta bi ta dakashi zuwa ga ɗanta. Ci gaba ne babba, amma ko ita ba ta aiki sai maraƙi ya sha dakashin.

To, me ke kashe maraƙin? Ƙarewar ruwa da gishirin jiki, da tsamin da ke taruwa a jini, da yunwa. Nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Ka kama fatar wuyansa da yatsu biyu ka ɗaga ka saki. Idan ta koma nan take, da sauƙi. Idan ta tsaya a tsuke na wasu daƙiƙu, kuma ka ga rata tsakanin ƙwayar ido da fatar ido, ruwa ya tafi sosai. Sa yatsa a bakinsa. Idan bakin da ɗumi kuma ya tsotsa da ƙarfi, ruwan gishiri ta baki zai iya ceto shi. Idan bakin ya yi sanyi, ba ya tsotsa, ba ya iya miƙewa, to sai ƙarin ruwa ta jijiya, kuma a nemi likita a wannan sa'ar, ba gobe ba. Maraƙi mai kilo 30 da ya rasa kashi 8 cikin 100 na nauyinsa a ruwa, kusan lita biyu da rabi ke nan ya zubar, ban da abin da yake bukata na yini, ban da wanda ke ci gaba da fita. Kofi ɗaya da ake ɗura masa safe da yamma ba ya ko kusa.

Akwai kuskure biyu da ake yi da kyakkyawar niyya. Na farko shi ne haɗa masa ruwan gishiri da sukari irin wanda aka koya wa iyaye mata don yara. Hanjin ƙaramin maraƙi ba ya narkar da sukarin shayi, sai ma ya ƙara masa zawo. Gulukos yake iya ɗauka. A nemi garin haɗin da aka yi musamman don maruƙa, a dama da ruwa mai ɗumi daidai yadda aka rubuta a jikin leda, a ba da lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane zama. Na biyu shi ne hana shi nono da sunan wai nonon ne ke sa shi zawo. Ruwan gishiri ba abinci ba ne. Maraƙin da aka hana madara kwana biyu ko uku yana ƙone ɗan kitsen da aka haife shi da shi, kuma hanjin da ya lalace da madarar yake sake ginuwa. A ci gaba da ba shi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, a sa ruwan gishirin a tsakani. A nan Filato sai an ƙara da ɗumi. Daren Disamba da Janairu a tudun da ya kai kusan mita 1,200 ba wasa ba ne ga maraƙi mai jiƙaƙƙen gindi. A goge shi, a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa mai kauri, a rufa masa buhu, a tare masa iska.

Ba ina cewa allurar kashe bakteriya ba ta da wuri ba. Maraƙi mai zazzaɓi, ko mai kumburin cibiya ko gaɓoɓi, ko jaririn da bai sha dakashi ba ya kwanta, yana bukatarta, kuma likita ne zai zaɓi wadda ta dace. Abin da ke damuna shi ne mayar da ita maganin kowane zawo. Kuɗi na tafiya, bakteriya na sabawa da maganin, sannan hankali ya kwanta an yi allura, a manta da ruwan da zai cece shi.

Koksidiya halinta daban. Ita ce ta maruƙan mako uku zuwa wata shida, musamman bayan yaye, ko bayan an haɗa su garke ɗaya, ko an ɗauko su daga nesa a mota. Shanu na da ire-irenta fiye da goma, amma biyu ne ke yin mummunar ɓarna, Eimeria bovis da Eimeria zuernii. Ta kaji ba ta kama maraƙi, ta maraƙi ba ta kama kaza ko mutum, don haka kada a ɗora wa kajin gida laifi. Ƙwanta ba ya kama dabba ranar da ya fito, sai ya yi 'yan kwanaki a ƙasa mai danshi da ɗumi ya nuna. Wannan rata ce da mai gona zai iya amfani da ita: wanda ke kwashe kashi kullum yana kwashe shi tun bai zama haɗari ba. Wanda ya bari ya taru a gindin kwamin ruwa da na dusa kuwa, ga abin da zai biyo baya. Ƙwai ɗaya na sakin 'ya'ya takwas a hanji, kuma a irin bovis kowane ɗaya na iya zama jaka mai ɗauke da sama da 100,000. Su kuma su gangara babban hanji su farfasa bangonsa. Sai ka ga baƙin zawo mai jini da majina, wani lokaci da yankin fatar hanji, maraƙi ya ɗaga wutsiya yana ta yunƙuri babu abin da ke fita, har baya ta fito wa wasu. Kaɗan daga ciki kan yi farfaɗiya.

Ita tana da magunguna: toltirazuril, dikilazuril, amfuroliyum, da dangin salfa. Matsalar lokaci ce. Ranar da ka ga jini, ɓarnar ta riga ta auku, maganin na rage yaɗuwa ne ga sauran. Gonar da ta lura cewa kullum a mako kaza bayan haɗa maruƙa abin ke tasowa, ita ce za ta iya ba da magani kamar mako guda kafin lokacin, a duk rukunin. Amfuroliyum idan aka zarce ƙa'ida yana taɓa ƙwaƙwalwa, domin yana tare sinadarin bitamin B1. Monensin da ake sawa a wasu abincin shanu don riga-kafi kuwa guba ne mai kisa ga doki da jaki, a kula inda ake ajiye su tare. Kuma mafi yawan asarar koksidiya ba ta da jini ko kaɗan: maraƙi ne kawai mai tashin gashi, mai dattin gindi, yana ci ba ya girma.

Jiyadiya ba sai an daɗe a kanta ba. Tana da yawa a maruƙa, sau da yawa ba tare da wata alama ba, wani lokaci kuma da kashi mai laushi da ke zuwa yana tafiya da rashin ƙiba. Ita kaɗai ce a cikin ukun da maganin tsutsa irin fenbendazol ko albendazol ke yi wa tasiri, amma idan aka mayar da maraƙin ɗakin da ya fito, ba a jimawa ta dawo.

Wannan batu na ɗaki shi ne zuciyar maganar. Wani bincike da aka yi a kan shanun gida a jihar Kaduna, aka buga a 2011, ya sami kirifto a jikinsu, amma ire-iren da ba su cika yin illa ba. Bai sami parvum ba, wato irin da ke kwantar da jariran maruƙa yana kuma kama mutum. A ƙasashen da ake kiwon madara a killace kuwa, parvum ne ya mamaye maruƙan da ba su kai wata ɗaya ba. Ruga ta gargajiya tana da nata matsalolin, musamman rabon nono tsakanin maraƙi da ƙwaryar kasuwa, amma tana da kariyar da ba a cika yaba mata ba. Maraƙi na shan nonon uwarsa kai tsaye, dangwali a fili yake rana na dukansa, kuma garke na tashi ya bar kashinsa a baya. Yanzu muna barin wannan tsari. Makiyaya da yawa sun zauna wuri ɗaya, dangwali na shekara a inda yake. Masu kuɗi na gina gonaki, suna ɗura wa Bunaji irin bijiman Firisiyan, shanun madara na ƙasar waje, suna raba maraƙi da uwa, suna tara goma ko ashirin a ɗaki ɗaya mai siminti. Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, maganar killace shanu da ƙara yawan madara ta ƙara ƙarfi. Ina goyon bayan wannan tafiya. Amma duk wanda ya killace shanu ya sani ya killace kashinsu tare da su, kuma yanayin da ya sa Filato ta dace da shanun waje, wato sanyi da ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba, shi ne yanayin da ƙwan kirifto ke yin watanni a raye.

Bilic ba ya kashe shi a ƙarfin da ake amfani da shi, haka yawancin ruwan wanke ɗaki da ke kasuwa. A 1993 a birnin Milwoki na Amurka sama da mutum 400,000 suka kamu da kirifto ta ruwan famfo da aka sa wa kulorin, sinadarin da ke cikin bilic. Da farko an zargi shanu, daga baya bincike ya nuna irin na mutane ne, amma darasin kulorin ya zauna. Abin da ke kashe ƙwan shi ne zafin da ya haura digiri 60, da bushewa, da wasu sinadarai kamar haidurojin feroksaid. Ma'ana tafasasshen ruwa da rana sun fi kwalbar ƙamshi. Sau da yawa za ka ga an wanke ɗakin maruƙa da tiyo da sassafe, siminti na sheƙi, an mayar da su ciki kan jiƙaƙƙen ƙasa. An watsa ƙwan ko'ina, an kuma ba shi danshin da yake so. Gara a kankare kashi, a wanke, a bar ɗakin ya bushe ƙayau na wasu kwanaki kafin sabon maraƙi ya shiga. Gara keji ɗaya ga maraƙi ɗaya a makonnin farko, na katako mai tsagi a ƙasa wanda aka ɗaga, ko wanda za a iya ja zuwa sabon wuri. Kowane maraƙi da bokitinsa. A fara ciyar da ƙanana da masu lafiya, marasa lafiya a ƙarshe. Kada a sa ɗan kwana uku tare da ɗan wata biyu, domin babban na iya zubar da ƙwai alhali shi garau yake.

Dakashi kuwa, ba ni da kalmar da ta isa in jaddada shi. Mahaifar saniya ba ta wuce wa ɗan tayi da sinadaran kariya, maraƙi na zuwa duniya ba shi da garkuwa sai abin da ya sha. Hanjinsa na iya tsotse su ne a sa'o'in farko kawai, ƙofar na raguwa sa'a bayan sa'a, kafin kwana ɗaya ta kusa rufewa. Ƙa'idar ita ce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a cikin sa'o'i shidan farko, wato lita uku ga mai kilo 30. Saniyar da ta haihu da tsakar dare, mai gadi ya ce a bari sai gari ya waye, an riga an yi asarar mafi kyawun lokacin. Dakashi ba ya hana kirifto shiga ɗungurungum, amma yana tare rota da E. coli da ke haɗuwa da shi su yi kisa, kuma maraƙin da ya ƙoshi da shi ya fi jure ciwon.

Wanda ya tsira ma bai tsira kyauta ba. Wani bincike a Sikotlan da aka buga a 2020 ya bi maruƙan nama da suka yi kirifto mai tsanani, ya tarar a wata shida sun gaza takwarorinsu da kusan kilo 34. A gonar madara, wannan na nufin karsanar da za ta makara wajen ɗaukar ciki, ana ciyar da ita watanni ba ta kawo ko lita ɗaya ba.

Sai mutanen gidan. Parvum na kama mutum, kuma masu kula da maruƙa ne a sahun gaba, da yaran da ake turawa su ba su madara su dawo su sa hannu a kwano. Babban binciken zawon yara da aka buga a 2013, wanda ya haɗa da Mali, Gambiya, Kenya da Mozambik, ya sa kirifto a matsayi na biyu bayan rota wajen zawo mai tsanani ga jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Mafi yawan wannan daga mutum zuwa mutum ne, bai kamata a ɗora wa shanu duka ba. Amma ga mai cutar ƙanjamau ko yaro mai tamowa, ko daga ina ya zo yana iya kisa. A wanke hannu da sabulu, a tafasa madara, a hana ƙananan yara shiga wurin maraƙi mai zawo. A kuma duba inda ruwan wankin ɗaki ke gangarawa. Filato cike take da kududdufan da haƙar kuza ta bari, shanu na sha a ciki, masu lambu na jan ruwan zuwa latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye.

Mu a nan muna da gatan da wasu jihohi ba su da shi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, ga kwalejin lafiyar dabbobi a gefenta, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos. Gano kirifto ba ya bukatar wata babbar na'ura, rini ne na musamman da madubin likita, koksidiya kuma ana taso da ƙwanta da ruwan gishiri a ƙirga. Sai dai a kai samfurin yadda ya kamata. A ɗebo kashin daga jikin maraƙin da safar hannu, ba daga ƙasa ba, kafin a ba shi kowane magani. A ɗebo na biyar ko shida 'yan rukuni ɗaya, har da waɗanda ba su fara zawo ba, domin a koksidiya zawo na iya riga ƙwai fitowa, kuma ganin ƙwai kaɗan a maraƙi ɗaya ba ya nufin ita ce ke cinsa. Kowanne a robarsa mai murfi, a rubuta kwanakin maraƙin da ranar da ya fara, a sa a cikin kula mai ƙanƙara, a kai a ranar.